Hukuncin Sayen Gidan Da Aka Yi Wa Kwaskwarima

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata al'ada da ta yaɗu a biranen ƙasar Hausa cikin sha'anin cinikin gidaje. In mutum ya ƙudura sayar da gidansa, sai ya dakata har ruwa ya ɗauke, bango ya bushe, sa'an nan ya kira magini da mai fenti. A yaɓe inda ya tsage, a sake silin inda yoyo ya ɓata shi, a shafe ko'ina da fenti, a kafa sabuwar ƙofar ƙarfe a zaure. Kafin mako 3 gidan da ya shekara 30 ya koma kamar ɗakin amarya. Mai saye ya zo cikin watan Maris ko Afrilu, ya zaga ɗakuna yana shaƙar ƙanshin fenti, ya biya kuɗin da watakila ya shekara 20 yana tarawa, ko kuwa kuɗin sallamarsa ne daga aiki. Ba zai san abin da ya saya ba sai ruwan Agusta ya sauka.

Ba dukan mai gyara ba ne macuci. Shari'a ba ta hana mutum ya kyautata hajarsa kafin ya kai ta kasuwa ba, kuma wanda ya tono tsagar bango har tushenta, ya gyara harsashi, ya sake ginawa, ya yi aikin kirki, yana da hakkin ya nemi ƙarin kuɗi a kansa. Abin da a ke magana a kai shi ne yaɓen da aka yi domin ido kada ya ga abin da ke ƙarƙashi, alhali cutar tana nan inda ta ke.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, sai yatsunsa suka taɓo danshi. Da ya tambayi mai hatsin, sai ya amsa cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, kuma ya barrantar da kansa daga duk mai algus. Abin lura a nan shi ne, mai hatsin bai furta ƙarya ba, da aka tambaye shi ma gaskiya ya faɗa. Laifinsa yana cikin yadda ya jera kayan. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito hani ga ɗaure hantsar raƙuma ko tunkiya a bar nono ya taru domin mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Wanda ya saye ta, bayan ya tatsa, yana da zaɓi, ko ya riƙe ta, ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino.

Daga waɗannan hadisai malaman mazhabar Imam Malik suka fitar da ƙa'idar da su ke kira ruɗi da aiki, watau mai sayarwa ya yi wa haja wani abu da zai sa a zaci tana da kamalar da ba ta da ita. Suka ce hukuncinsa kamar ya sharɗanta wannan kamala ne da bakinsa. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya ba da misali da wanda ya ɗiga tawada a rigar bawa domin a ɗauka marubuci ne. Wanda ya shafa fenti a kan bangon da ya san yana tsattsafo, ko ya manna sabon silin ƙarƙashin katakon da gara ta cinye, bai fita daga wannan babi ba. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira (996 Miladiyya), ya kafa ma'auni mai sauƙi a cikin Risala, littafin da almajiran ƙasar nan su ke karantawa bayan Iziyya: duk abin da in an ambace shi mai saye zai ƙi hajar, ko kuwa zai rage kuɗinta, to, ɓoye shi bai halatta ba.

Wani zai ce, ai an riga an gyara, me ya rage da za a faɗa? Malamai sun rarrabe. Aibin da ya gushe gaba ɗaya ba a mayar da ciniki saboda shi. Amma sun togace wanda a ke tsammanin dawowarsa. Tsagar da ta kan buɗe kowace damina, a cike ta kowane rani, ba ta gushe ba. Ɗakin da ruwan lungu ya kan shiga duk shekarar da aka yi ruwa mai yawa, bushewarsa cikin bazara ba warkewa ba ce.

Kuma bayani yana da yadda a ke yinsa. Wajibi ne mai sayarwa ya ambaci aibin da sunansa, ya siffanta girmansa, ko ya kama hannun mai saye ya nuna masa wurin. Dunƙule magana ba ya wadatarwa. Abin nan da a kan ji a bakin masu gida da dillalai, cewa gida dai ga shi nan, tsoho ne, yadda aka gan shi haka aka saya, ba ya sauke nauyi daga kan wanda ya san takamaiman wurin da ɓarnar ta ke. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800, bisa sharaɗin ya kuɓuta daga kowane aibi. Mai saye ya sami wata cuta a jikin bawan, ya kai ƙara wurin Halifa Usman ɗan Affan. Usman ya yi hukunci cewa Ibn Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin ciniki. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, bawan ya warke a hannunsa, daga baya ya sayar da shi a kan dirhami 1,500. Saboda haka a mazhabar Malik sharaɗin kuɓuta ba ya amfanar wanda ya san aibi ya yi shiru, kuma a mashahurin zance an taƙaita shi ga cinikin bayi, bai shafi gidaje ba. Malaman Hanafiyya kuwa suna ganin ingancin sharaɗin kuɓuta daga dukan aibobi a kowace haja, ko da ya ke su ma ba su halatta wa mutum ya ɓoye abin da ya sani ba.

AIBIN GIDA KASHI 3 NE

A nan ne mutane da yawa su ke kuskure. Sun ji cewa Shari'a ta ba mai saye damar mayar da haja mai aibi, sai su ɗauka kowane aibi aka gano a gida, alƙali zai warware ciniki a maido musu da kuɗinsu. Ba haka abin ya ke ba. A tufafi da dabbobi da sauran kayan da a ke ɗauka, aibin da ke rage daraja yana ba da damar mayarwa. Amma gida yana da hukuncinsa dabam. Alƙali Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan Hijira (1426 Miladiyya), mai littafin Tuhfatul Hukkam da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna aiki da shi, ya bi magabatansa wajen kasa aibin gida kashi 3.

Na farko shi ne ɗan ƙaramin aibin da ba ya taɓa kuɗin gida, kamar zankon da ya gutsure a kan soro. Wannan babu mayarwa, babu ramuwa. Na biyu shi ne matsakaici, wanda ke rage kuɗin gida amma bai kai ga babbar ɓarna ba, kamar tsagewar bangon da ba a jin tsoron gidan zai faɗi saboda ita. A wannan, ciniki ya zauna, mai saye ba shi da ikon mayarwa, sai dai a biya shi gwargwadon abin da aibin ya rage. Na uku shi ne babban aibi, kamar tsagar da a ke tsoron ta rushe gidan, kuma a nan ne kaɗai ya ke da zaɓin ya mayar ya karɓi dukan kuɗinsa. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar da ke tsakanin na biyu da na uku. Wasu sun ce ushuri na kuɗin gida, wasu rubu'i, amma abin da Tuhfa ta tafi a kai, kuma Shehu Dardir ya rinjayar a sharhinsa na Muhtasar, shi ne sulusi. Dalilan wannan bambanci kuwa a fili su ke: da wuya a sami gidan da ba shi da aibi ko kaɗan, kuma aibin gida yana gyaruwa, sa'an nan galibi don zama a ke sayen gida, ba don a juya shi a kasuwa ba.

Yadda a ke lissafin ramuwa shi ne, masana su ƙiyasta gidan yana lafiyayye, su sake ƙiyasta shi da aibinsa, a duba kashi nawa ya ragu, a cire wannan kashi daga kuɗin da aka biya. A misali, mutum ya sayi gida Naira miliyan 20. Masana suka ce da lafiyarsa ya kai miliyan 25, da aibin kuwa miliyan 20. Ragin kashi 1 ne cikin 5. Za a maido masa da kashi 1 cikin 5 na abin da ya biya, watau miliyan 4, ba miliyan 5 ba.

Akwai kuma aibobin da a ke haɗa su da babba ko da gyaransu bai kai sulusi ba, domin suna yanke amfanin gida. Muhtasar ya ambaci tsagar da ta ke a fuskar gida, da rijiyar da ruwanta zartsi ne a unguwar da rijiyoyinta ke da daɗi. Tuhfa ta ƙirga yawan kuɗin cizo cikin aibobin da a ke mayar da gida saboda su. Masu sharhi sun ƙara da rijiyar da ta ƙafe, da rashin masai, da mugun maƙwabci. A ɗaya gefen kuma, aibin da ke fili, wanda mai saye ya gani ya yi shiru, babu ƙara a kansa. Haka nan aibin da ba mai iya saninsa sai an fasa haja, kamar ƙwaron da ke cikin itace, wanda mai sayarwa da mai saye duka sun jahilce shi, asali ba a mayarwa saboda shi sai in an sharɗanta tun farko.

Wanda ya fahimci wannan kasafi zai gane cewa ƙofar alƙali ta fi ƙunci bisa yadda a ke zato. Mafi yawan abin da fenti ya kan rufe yana faɗawa ne cikin kashi na biyu, inda mutum zai ci gaba da zama da gidan da bai so ba, yana bin bashin ramuwar da sai ya kafa hujja kafin ya same ta. Mai sayarwa yana da zunubinsa a wurin Allah, wannan babu shakka, amma zunubin wani ba ya tsayar da yoyo.

ZAƁIN WATA GUDA

Shari'a ta tanadi hanyar dubawa tun kafin a kai ga haka, sai dai mutane kaɗan ne su ke amfani da ita. Ya halatta a ƙulla ciniki bisa sharaɗin zaɓi zuwa wani lokaci, domin a jarraba haja ko a yi shawara. Imam Abu Hanifa da Imam Shafi'i sun tsayar da wannan lokaci a kwana 3. Malikiyya kuwa sun ce kowace haja da gwargwadon abin da jarraba ta ke bukata, kuma suka ba gida kimanin wata guda, har masu sharhi suka kai shi kwana 36. A cikin wannan lokaci gida yana ƙarƙashin lamunin mai sayarwa, in ya rushe asararsa ce. Mai saye ba zai tare da iyalinsa kyauta ba, amma an yi masa rangwamen ɗan zama kaɗan domin ya san halin gidan da na maƙwabta. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye shi ne, bai halatta mai gida ya sharɗanta a ba shi kuɗi a hannu cikin kwanakin zaɓi ba, domin kuɗin zai zama ba a san matsayinsa ba, ko farashi ne ko rance. In mai saye ya ba da don kansa, ba tare da sharaɗi ba, babu laifi. Mai hankali kuwa zai so watan zaɓinsa ya faɗo cikin damina. Dillalin da ke cewa akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe, a yi sauri a ba da kafin alƙalami, sau da yawa abin da ya ke gudu ke nan.

Dubawa kuma ba zagayen ɗakuna ba ne. Annabi hannunsa ya sa cikin hatsi, bai tsaya ga abin da ke sama ba. Mai saye ya tafi da magini ko injiniya nasa, wanda shi zai biya, ba wanda mai gida ko dillali ya kawo ba. A gidan ƙasa da aka yi wa filastar siminti, a ƙwanƙwasa bango, inda ya yi ƙarar ganga filasta ta rabu da ƙasa, kuma siminti ya kan tsare danshi a ciki har tubali ya narke ba a sani ba. A duba gindin bango, in fenti ya kumbura ko wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, ruwa ne ke hawa daga ƙasa. Siririyar tsaga irin ta filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda a ke tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, musamman in ta bayyana ciki da waje a wuri ɗaya, domin alama ce harsashi yana motsi. Ƙofar da ba ta rufuwa daidai ita ma ta kan ba da wannan labari. A ɗaga silin a leƙa da tocila, a ga kwano da katako, a soki katako ko azara da ƙusa a ga ko gara ta rarake cikinsu. A gidan soro a hau sama a duba indararo da inda ruwa ke kwanciya. A buɗe kowane famfo, a zuba ruwa a makewayi a ga inda ya nufa, a ɗanɗani ruwan rijiya, a auna tsakaninta da shadda ko sokawe, domin ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar tazarar kimanin mita 30, abin da gidajen cikin birni kaɗan ne su ke da shi. A sa mai gyaran lantarki ya buɗe makunni ɗaya ko biyu, ya ga ko sabon murfi ne a kan tsohuwar waya. Inda aka ga gyara ya fi yawa a bango ɗaya, nan ne wurin tambaya.

Akwai abin da magini ba zai gani ba, sai maƙwabta. Su ne suka san ko filin tsohon kududdufi ne aka cike da shara, kamar yadda ya faru a wurare da dama a tsofaffin birane irin su Kano, da kuma inda ruwan lungu ya kan kai a shekarar ambaliya. Wasu kan ji nauyin faɗa, suna tsoron kada ya zama giba ko hana ɗan'uwa ciniki. Wannan tsoro ba a wurinsa ya ke ba. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta shawarci Annabi a kan mutum 2 da suka nemi aurenta, ya gaya mata aibin kowannensu a fili, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Imam Nawawi ya ƙirga faɗakar da mai sayen haja mai aibi cikin wuraren da ambaton aibi ya ke nasiha. Magini da mai fenti da aka ce musu su rufe ɓarna domin za a sayar, su ma su san cewa aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakon juna a kan zunubi. Dillalin da ya sani ya yi shiru abokin tarayya ne cikin yaudara. Wanda bai sani ba kuwa, in aka mayar da gida saboda yaudarar mai shi, la'adarsa ta zauna, ba a karɓe ta.

Takardu ma abin dubawa ne. Sau da yawa gidan da aka gyara domin sayarwa gidan gado ne, kuma in wani magaji bai yarda ba, ko ba ya nan, yana iya tasowa daga baya da hakkinsa. A Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa sai da yardar gwamna a ke sauya mallakar filin da ke da takardar izinin zama ta jiha. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da kafa shaidu a ciniki. Ya kyautu a rubuta cikin takardar ciniki, gaban mai unguwa da shaidu, abin da aka gyara, da dalilin gyaran, da aibobin da mai gida ya ambata. Mai gida na gaskiya shi ne ya fi kowa amfana da wannan rubutu, domin aibin da ya ambata ba za a sake ƙararsa a kai ba. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu da ke cikin Buhari da Muslim ya rataya albarkar ciniki a kan gaskiya da bayani, ya rataya shafewarta a kan ƙarya da ɓoyewa.

In kuwa an riga an saya, sa'an nan aibi ya bayyana, to, kada a yi jinkiri. Shiru na kamar yini guda ba tare da uzuri ba, sai mai saye ya rantse bai yarda da aibin ba kafin a saurare shi, in kuma ya daɗe fiye da haka ana ɗaukarsa yarda ce. Haka nan duk aikin da ke nuna yarda bayan ya sani, kamar ya sa gidan a kasuwa, ko ya rushe wani sashe ya sake ginawa. Amma ci gaba da zama a ciki lokacin da a ke shari'a ba ya zubar masa da hakki, domin zama ba ya rage gida. Abin da ya kamata shi ne ya kira shaidu su ga ɓarnar yadda ta ke kafin a taɓa ta, ya sanar da mai sayarwa nan take.

In suka yi jayayya ko aibin tsoho ne ko a hannun mai saye ya faru, asali maganar mai sayarwa a ke kamawa, sai in masana sun shaida cewa irin wannan ɓarna ba ta faruwa cikin 'yan watanni. Alƙalan Musulunci sun daɗe suna dogara ga magina a irin wannan ƙara. A Tunis, cikin ƙarni na 8 na Hijira, an yi wani magini mai suna Ibn Rami wanda alƙalai kan aika ya duba bango ya kawo musu bayani, har ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen gini. Malamai sun ce in ba a sami masani adali ba, a kan karɓi bayanin wanda aka samu, ko da ba Musulmi ba ne. In alƙali ya yi hukunci da mayarwa, mai saye ba zai biya hayar watannin da ya zauna ba, domin hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ya nuna cewa amfanin abu na wanda lamuninsa ke wuyansa ne. In kuma ta tabbata cewa mai sayarwa ya san aibin ya ɓoye, sa'an nan gidan ya rushe ta dalilin wannan aibi, to, asarar tana kansa, zai mayar da dukan kuɗin da ya karɓa.

Allah ne Masani.